Baƙin Allo da Maganar Tsofaffin Tsarnawa

Ɗalibin kimiyyar harshe yakan shiga jami'a da kunne mai kaifi, ya fita da tarin takardu. Tsakanin shigar da fitar akwai wani aiki da ba a cika koyar da shi a aji ba, wato yadda mutum zai riƙe maganar da ya tara daga bakin jama'a, ya bincike ta, ya ƙidaya abin da ke cikinta, ba tare da ta sauya kama a hannunsa ba. Mafi yawan ɗalibai sun ɗauki kwamfuta a matsayin keken rubutu mai haske: a buga, a gyara, a fitar a takarda. Wannan labarin wani ɗalibi ne ɗan Tsarnawa da larura ta bi da shi ta wata hanya dabam, da abin da hanyar ta nuna masa game da harshen da ya tashi da shi.

Tsarnawa gari ne a jihar Tawa, a bakin babbar hanyar da ta taso daga Yamai ta nufi Maraɗi da Damagaram, ƴar tafiya kaɗan gabas da Birnin Ƙonni. A nan ne hanyar Tawa take rabuwa ta yi arewa, saboda haka garin mararraba ne, ba ya rabo da manyan motoci da buhunan albasa. Idan aka ci gaba gabas za a iske Malbaza mai masana'antar siminti, sannan Galmi wadda albasarta ta yi suna har ƙasashen bakin teku. Ta arewa akwai Illela, mazaunin Sarkin Adar. Ta kudu kuwa, da zarar an tsallaka iyaka daga Ƙonni, sai a faɗa wata Illelar, ta jihar Sakkwato a Najeriya.

Hausar wannan yanki ta yamma ce, ƴar uwar Sakkwatanci da Adaranci. Inda Bakano zai ce "suka tafi", tsohon Tsarnawa "sunka tahi" zai ce. Yana cewa "shina" a maimakon "yana", "hwari" a maimakon "fari", "zamna" a maimakon "zauna", kuma dirkarsa "na" da "ta" ce, inda daidaitacciyar Hausa take da "ne" da "ce". Masana sun daɗe da sanin waɗannan siffofi, har Bernard Caron ya wallafa littafi sukutum a kan Hausar Adar a 1991. Abin da ya dami ɗalibin abu ne na yau. Ya lura cewa ƙannensa, waɗanda suka tashi da finafinan Kano da tashoshin rediyo na ƙasashen waje da saƙonnin waya, sukan ce "suka" a wurin da kakarsu take cewa "sunka", wani lokaci ma su haɗa biyun a jimla guda. Ya so ya san iyakar inda sauyin ya kai, da kuma mutanen da ya fi kamawa. Irin wannan tambaya ba a amsa ta da zato. Sai an naɗi magana, an rubuta ta yadda aka furta, an ƙidaya.

Da hutu ya zo, ya bar Yamai inda yake karatu ya koma gida da wayarsa. Ya naɗi hirar kakarsa, da ta manoman albasa a bakin garka, da ta mata masu sayar da abinci a mararraba, da ta wasu leburori a Malbaza, da ta dattawa a ƙauyukan hanyar Illela, kowa bayan ya nemi izninsa. Kwamfutar da zai yi aikin da ita ta hannu ce, yayansa ya saya masa a kasuwar Ƙonni, ga tsufa ga batir da ba ya jimawa. Lokacin kuma ya zo daidai da daminar 2023. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma ta ƙaƙaba wa Nijar takunkumi, aka rufe iyaka, Najeriya kuma ta yanke wutar lantarkin da take sayar wa ƙasar, wadda ita ce mafi yawan wutar da ake sha. Tashar hasken rana ta Malbaza mai megawat 7, da aka buɗe a 2018, ba ta isa ta cike irin wannan giɓi ba. Wanda yake da awa guda ta batir ba ya son manhajar da za ta cinye rabinta kafin ta buɗe.

Tun kafin ya baro Yamai, wani abokinsa na sashen lissafi ya cire masa tsarin da kwamfutar ta zo da shi, ya sa masa Debian, ɗaya daga cikin tsare-tsaren Linux. Asalin wannan gida yana komawa ga Unix, wanda Ken Thompson da Dennis Ritchie suka fara ginawa a ɗakunan binciken Bell a Amurka a 1969. A 1983 Richard Stallman ya shelanta shirin GNU domin a sake rubuta kayan aikin Unix ta yadda kowa zai iya kwafa ya gyara ya raba, a 1991 kuma wani ɗalibi a Helsinki, Linus Torvalds, ya fitar da ƙwayar tsarin da ake kira Linux. Ma'anar wannan ga ɗalibin Tsarnawa mai sauƙi ce: ba kuɗin lasisi, ba satar manhaja, kuma idan ya ba abokinsa kwafi bai karya doka ba. Abokin ya kuma nuna masa wata taga da ba hoto a cikinta, sai layi guda mai jiran a rubuta masa umarni. Ita ce ya riƙa kira baƙin allo.

Abin da ya fara jan hankalinsa nahawun wurin ne. Kowane layi jimlar umarni ce, aikatau a gaba, karɓau a baya, kamar a ce "kawo ruwa", idan da ƙarin bayani a sa shi a tsakani bayan ƴar gajeriyar zira. Kalmomin aikatau ɗin kuma gajeru ne, an sauke musu wasula kamar ajamin da ba a sa wa wasali ba. Da ls ake ganin abin da ke cikin jaka, da cd ake shiga wata jakar, mkdir yana buɗe sabuwa, cp yana kwafa, mv yana matsar da fayil ko ya sauya masa suna, rm yana shafewa. Da less ake karanta dogon rubutu shafi bayan shafi, head kuma yana nuna layuka goma na farko. Idan an manta yadda ake amfani da wani umarni, sai a rubuta man da sunansa, bayanin ya fito ba tare da intanet ba, sai dai da Turanci, wasu da Faransanci.

Ya rubuta kowace hira a tsurar rubutu, ba ado ba launi, ya kuma sa wa fayilolin suna da tsari: gari, rukunin mai magana, lamba, kamar tsarnawa_tsoho_01.txt ko malbaza_matashi_03.txt. Dalili shi ne alamar tauraro a baƙin allo tana wakiltar kowane jerin haruffa. Idan ya rubuta *_tsoho_*.txt ya kira dukkan tsofaffi ke nan, ko daga wane gari suke. Rabon da masanin walwalar harshe yake yi tsakanin tsara da tsara ya riga ya shiga sunan fayil tun kafin a fara ƙidaya.

Mene ne harafi?

Umarnin wc ƙidaya yake yi. Idan aka ba shi kalmar "kasa" aka ce wc -c, ba tare da alamar ƙarshen layi ba, zai ce huɗu. Idan aka ba shi "ƙasa" zai ce biyar. Sai an ce wc -m sannan zai ce huɗu a duka biyun. Dalili shi ne na farko bayit yake ƙidayawa, wato ma'aunin ajiya na na'ura, na biyu kuma haruffa. A tsarin Unicode kowane harafi yana da lambarsa: ƙ tana U+0199, ɓ tana U+0253, ɗ tana U+0257, ƴ tana U+01B4. A salon ajiya na UTF-8, wanda Ken Thompson da Rob Pike suka tsara a 1992, baƙaƙen boko na yau da kullum bayit ɗaya suke ci, masu ƙugiya kuwa biyu.

Wannan ƙaramin bambanci shi ne tushen mafi yawan ɓarnar da ake yi wa rubutun Hausa. Wani abokin karatunsa ya turo masa jerin kalmomi, da ya buɗe sai ya ga "Æ™asa" a wurin "ƙasa". Bayit biyun ƙ ne wata manhaja ta karanta ɗaya bayan ɗaya da tsohon tsarin harsunan Turai ta Yamma, wanda ya san é ta Faransanci amma bai san ƙugiya ba. Irin wannan tana da magani: umarnin file yana faɗin tsarin da fayil yake ciki, iconv kuma yana juya shi daga wani tsari zuwa wani, bayit ɗin su koma mazauninsu. Wadda ba ta da magani ita ce idan an adana rubutun a tsohon tsarin har aka musanya kowace ƙugiya da alamar tambaya. Wanda ya iske "?ari" a takarda ba shi da hanyar sanin ɓari ne, ko ɗari, ko ƙari, sai ya koma ga jimlar, ko ga wanda ya faɗa idan yana da rai.

Kayan aikin ma ba dukkansu suka san ƙugiya ba. Umarnin tr na GNU, wanda littattafai da yawa suke koyarwa domin mayar da manyan baƙaƙe ƙanana, bayit bayit yake aiki, don haka zai mayar da K ta zama k amma ya bar Ƙ yadda take, "Ƙasa" da "ƙasa" su zama kalmomi biyu a lissafi. Da sed ake yin wannan aiki daidai. Haka nan sort: idan aka bar shi ya jera da lambar bayit, dukkan kalmomin da suka fara da ɓ da ɗ da ƙ sai su koma bayan z, kamar baƙin da aka zaunar a ƙarshen tabarma. Sai an gaya masa tsarin harshen da zai bi.

Akwai kuma abin da ido ba ya gani. Faransawa suna rubuta Illelar Nijar da é, kuma ana iya ajiye wannan é a matsayin harafi guda, ko a matsayin e da wata alama dabam da aka ɗora mata. A allo kamarsu ɗaya, a wurin na'ura ba su san juna ba. Duk ɗalibin da yake sa alamar karin sauti a kan wasula zai haɗu da wannan, kuma dole ya daidaita fayilolinsa a kan salo guda kafin ya nemi komai. Ta ɗaya ɓangaren, sunan Tsarnawa kansa yana farawa da ƙwayar sauti guda da ake rubutawa da baƙaƙe biyu. Na'ura t da s take gani. Haka take ganin sh da ƙw da hw. Wanda ya ƙidaya haruffa ya ɗauka ƙwayoyin sauti ya ƙidaya zai fito da sakamakon da ba ya da alaƙa da tsarin sautin Hausa.

Mece ce kalma?

Umarnin da ya fi yi masa aiki shi ne grep, mai tsamo duk layin da yake ɗauke da abin da aka nema. Tarihinsa ma na masu nazarin rubutu ne. Kamar yadda Brian Kernighan ya ba da labari, wani ma'aikacin Bell mai suna Lee McMahon yana nazarin wasu tsofaffin maƙalun siyasar Amurka domin ya gano marubutansu ta hanyar kalmominsu, rubutun ya fi ƙarfin manhajar da ake da ita, sai Thompson ya ciro masa wannan umarni daga cikinta. McMahon ɗin ne daga baya ya rubuta sed.

Idan aka rubuta grep -n anka *.txt, za a ga lamirin da ake nema tare da lambar layinsa, amma za a ga "yanka" da "tanka" da "banka" sun biyo shi, domin jerin haruffa aka nema, na'ura kuma ta kawo. Ƙarin -w yana cewa a kawo shi kawai inda ya tsaya a matsayin kalma. To, amma mece ce kalma a wurin grep? Jerin haruffa ne da ba abin da ya katse shi. Alamar alhamza kuwa a wurinsa ba harafi ba ce, saboda haka "sa'a" ta zama "sa" da "a". Mafi muni, idan an rubuta "'ya'ya" da salon Najeriya, mai ƙidayar lamirin "ya" zai sami ƙarin biyu da ba su da alaƙa da lamiri. A nan ƙa'idar Nijar, wadda dokar ma'aikatar ilimi ta 1999 ta tabbatar, ta fi dacewa da na'ura, domin ƴ harafi ne cikakke, "ƴaƴa" kalma guda ce. Ga kuma wata: alamar alhamzar kanta iri uku ce a kwamfuta, miƙaƙƙiya, da lanƙwasasshiya wadda manhajojin buga takarda suke musanyawa da kansu ba a tambaye su ba, da ta uku wadda Unicode ya lissafa a cikin haruffa. Ɗalibin ya zaɓi ɗaya ya tsaya a kanta.

Sunayen garuruwa ma haka. Gari ɗaya ne ake rubutawa Ƙonni, Konni, Ƙwanni, da N'Konni a takardun Faransanci, kamar yadda Tsarnawa take zama Tsernaoua a allon bakin hanya. Da grep -iE "ƙonni|konni|ƙwanni|kwanni" ake kamo su gaba ɗaya. A kowane mataki baƙin allo yana mayar wa ɗalibi da tambayar da malaman ginin kalma suke yi a aji, kuma ba ya motsawa sai an ba shi amsa.

Bututu

Ƙarfin waɗannan ƙananan umarni yana cikin haɗa su. Douglas McIlroy ne ya daɗe yana neman a sami hanyar da abin da umarni ɗaya ya fitar zai zuba kai tsaye cikin na gaba, aka sa ta a Unix a 1973. Alamarta tsayayyar zira ce, ana iya kiranta bututu, kuma duk wanda ya ga yadda ruwa yake bi daga kwali zuwa kwali a garkar albasa ya fahimce ta. A 1986 an nemi Donald Knuth ya rubuta manhajar da za ta fitar da kalmomin da suka fi yawa a cikin rubutu, ya rubuta mai shafuka da dama, McIlroy kuma ya nuna ana iya yin aikin da umarni shida a jere. Daga baya Kenneth Church ya rubuta wa masu nazarin harshe ɗan jagora mai suna Unix for Poets a kan wannan hanya. Da tsohuwar zuma ake magani. Ga layin da ɗalibin ya haɗa domin Hausa:

grep -ohE "[[:alpha:]']+" *_tsoho_*.txt | sed 's/.*/\L&/' | sort | uniq -c | sort -nr | head -50

Na farko yana fitar da kowace kalma a layinta, tare da alhamzarta. Na biyu yana mayar da manyan baƙaƙe ƙanana har da masu ƙugiya. Na uku yana jera su domin iri ɗaya su haɗu, tunda uniq maƙwabta kawai yake iya haɗawa. Na huɗu yana ƙidayawa, na biyar yana sa mafi yawa a sama, na ƙarshe ya nuna hamsin na farko. Kafin a ƙifta ido an gama, batir bai ji komai ba. Idan ya sauya "tsoho" da "matashi" sai jeri na biyu ya fito.

A jerin tsofaffi "sunka" da "anka" da "munka" suna can sama, "suka" sai jefi-jefi. A jerin matasa sun cakuɗe. Da ya bi kowace "suka" ta bakin tsofaffi da grep -n ya karanta jimlarta, sai ya ga wasu dattijon yana kwaikwayon maganar rediyo ne ko ta wani ɗan kasuwa daga gabas, wasu kuma ba lamiri ba ne sam, "suka" ce ta zargi. Lamba tana nuna inda za a duba, karatun jimla ne yake faɗin abin da ke wurin.

Wata rana da yamma kakarsa ta iske shi a zaure yana wannan aiki. Ta tsaya ta dubi allon, ta ce, "Kai maigidan, mi kaka yi da maganata cikin wanga baƙin abu?" Ya ce, "Kaka, ƙidaya ta nika yi." Ta yi dariya ta ce, "Magana ba albasa ta ba, balle a sa ta buhu." Ya rubuta jimlar nan take, domin ga dirkar "ta" a cikinta tsaf, ya kuma riƙe ta a matsayin gargaɗi.

Gyaran da ya fi ɓarna

Lokacin da kundinsa ya kusa kammala, ya kai rubutun hirarrakin wani shagon buga takardu domin a tsara masa su a matsayin rataye. Mai shagon dattijo ne mai kirki wanda ya yi karatu a tsallaken iyaka. Aikin ya dawo da kyan gani. Ɗalibin ya mayar da shi tsurar rubutu, ya rubuta diff da sunan fayil ɗinsa na asali da na wanda aka dawo masa da shi. Aikin diff shi ne ya nuna layukan da suka bambanta kawai, na farko da alamar da ta kalli hagu, na biyu da wadda ta kalli dama. Allon ya cika. "Sunka" ta koma "suka", "tahi" ta koma "tafi", "shina" ta koma "yana", "ɗiya" ta koma "ƴa". Kakarsa ta zama Bakanuwa a takarda.

Da ya koma ya yi magana cikin ladabi, dattijon ya ce, "Ɗana, kurakurai na gani na gyara maka, kada malamanku su ce ba ka iya Hausa ba. Mu haka anka koya muna a makaranta." A cikin jimlar da ya kare gyaran da ita akwai "anka" akwai "muna", siffofin da ya share daga bakin wasu. Ba mugunta ya yi ba. An koya masa cewa Hausar da yake furtawa ta baki ce, ta takarda dabam take, kuma mutane da yawa a Tsarnawa da Ƙonni da Illela haka suka ɗauka. Daidaitacciyar Hausa tana da wurinta, da ita aka rubuta jikin kundin. Amma rataye shaida ne, idan aka gyara shaida kuwa binciken ya rushe. Garin neman gira an kusa rasa ido, kuma da ido kawai zai duba shafukan, da yawancin sauye-sauyen sun wuce shi, domin mai karatu yakan ga abin da yake tsammani.

Irin wannan ɓarna ba ta da hanyar komawa. Da layi guda na sed ana iya mayar da kowace hw ta zama f. Komawa baya kuwa ba ya yiwuwa da ƙa'ida, domin da zarar an haɗa siffofin ba a san wanda ya ce "hwari" da wanda ya ce "fari" ba. Ba kuma za a ce kowace h ta koma f ba, tunda "hili" yana zama "fili" amma "hanya" da "hannu" suna nan yadda suke. Hatta sauya 'y ta Najeriya zuwa ƴ ta Nijar yana son kula, kada alamar buɗe zance da ta zo gaban "yaro" ta mayar da shi "ƴaro". Baƙin allo ba ya tambaya sau biyu: rm ba ya da kwandon shara, sed -i kuma a kan asalin fayil yake rubutawa. Magana zarar bunu ce, umarni ma haka. Saboda haka ɗalibin ya keɓe jaka guda ya sa mata suna asali, ya hana rubutu a kan fayilolinta da chmod a-w, duk wani gwaji a kan kwafi yake yi. Duk sanda wuta ta zo sai ya kwafe aikin zuwa ƴar ma'ajiyar USB da rsync, wanda abin da ya sauya kawai yake ɗauka, lokaci lokaci kuma ya ɗaure komai da tar ya ba yayansa ajiya a Ƙonni. Wasu daga cikin dattawan da ya naɗa ba za a sake samun damar zama da su ba.

Inda allo ya tsaya

Rubutun Hausa na yau da kullum ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali. "Gari" na mutane da "gari" na tuwo iri ɗaya ake rubuta su. "Ya" ta "ya zo jiya" da "ya" ta "ina so ya zo" lamirai ne mabambanta a baki, a allo kuwa grep zai tara su wuri guda. A Hausar yamma akwai ƙarin nauyi, domin nannagen baƙi kamar na "yat tahi" yana ɗauke da ma'anar nahawu, kuma idan mai rubutawa bai ji shi ba, ba wani umarni da zai gano shi daga baya. An ce gani ya kori ji, amma a wannan fage ji ne gaba. Abin da baƙin allo ya iya yi shi ne ya juya sautin waya da ffmpeg zuwa salon da Praat take karɓa, manhajar nazarin furuci da Paul Boersma da David Weenink suka rubuta a Amsterdam, sauran aikin na kunne ne da komawa wurin mai magana.

A ƙarshen kundinsa, bayan hirarrakin da ya mayar yadda aka furta su, ya ƙara shafi guda. Ya rubuta salon ajiyar da ya bi, da alamar alhamzar da ya zaɓa, da abin da ya ɗauka a matsayin kalma, da layukan umarnin da ya yi ƙidaya da su, ba su kai ashirin ba. Duk malamin da ya yi shakkar wata lamba yana iya maimaita layin ya gani da idonsa. Ɗaliba daga Dogon Dutsi ko ɗalibi daga Madawa yana iya ɗaukar shafin ya gwada a kan maganar garinsu, sakamakon ya zama abin kwatantawa da na Tsarnawa. Koyon waɗannan umarni ba ya ɗaukar zangon karatu guda, tsohuwar kwamfuta ta isa, kuma sashen da ya sa su a darasin dabarun bincike zai ga ɗalibansa sun daina tsoron tara magana mai yawa. Hirarrakin ƙauyukan hanyar Illela har yanzu rabinsu ne ya rubuta, kuma a cikinsu ya fara jin wasu siffofi da ba ya ji a Tsarnawa.